Fitilar da Ta Cinye Rufin Kicin

Akwai wani yaƙi da ake gwabzawa kowane dare a hanyoyinmu masu falle ɗaya, irin ta Rano ko ta Gaya, wanda gidan rediyo bai taɓa kawo labarinsa ba. Makaminsa fitila. Kana tafe a hannunka, ka mayar da taka dim cikin ladabi, sai wani ya ɓullo daga kwana ya zuba maka haske a tsakar ido. Ka ƙyafta masa, wato bawan Allah sassauta. Shi kuma ya ƙyafta maka sau ɗaya tak, don ka san wannan da kake kuka da ita dim ɗinsa ce, ful ɗin tana nan a ajiye. Daga nan sai ka ɗaga ƙafa daga totur, ka rungumi sitiyari, kana karanto duk addu'ar da ta zo bakinka, da fatan babu amalanken shanu ko mai keke a gabanka, domin ko da akwai sai dai ka ji shi.

Ni a wannan yaƙin ɗan kallo ne da duka ke samu. Motata Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, inji lafiya lau, amma fitilunta sun riga ni tsufa. Murfin fitilar motocin yanzu ba gilashi ba ne, wata roba ce mai tauri da kamfani ke shafa wa siririn maganin rana. Ranar Kano ta lashe maganin tas, robar ta dushe ta yi rawaya, har ta kai idan na kunna sai na fito na leƙa don in tabbatar ta kama. Wani abokin aikina ya ce in goge ta da makilin. Na goge. Ta ɗan washe na 'yan kwanaki, sannan ta koma gidan jiya, sai dai motar ta samu ƙamshin baki.

A nan ne yawancin mutane suke yanke shawarar da ta lalata mana hanya: su sayo ƙwan zenon ko na LED mai ɗan karen haske su cusa a tsohuwar fitila. Ni ban yi haka ba, kuma ina so a rubuta wannan a ajiye, domin nan gaba za a yi ta ɗora mini laifuffuka. Zama na yi na yi karatu a YouTube har data ta ƙare. Fitila ta gargajiya kasko ce mai sheƙi, an auna kowane lungu nata da ɗan zaren da ke ci a cikin ƙwan halojin, daidai inda yake zaune. Ka sauya ƙwan da wani wanda haskensa ke tasowa daga wani gurbi daban, ko da tazarar milimita biyu ce, sai hasken ya watse: sama, gefe, idon jama'a, ko'ina ban da kwalta. Furojekta kuwa dabararta daban. Ƙaramin kasko ne mai zurfi yake tattara hasken wuri guda, wani ɗan farantin ƙarfe ya tare rabinsa, sannan dunƙulallen gilashi a gaba ya jefa sauran kan hanya. In ka haska bango sai ka ga layi miƙaƙƙe, ƙasansa haske, samansa duhu. Kai ka ga hanya, mai tahowa bai makance ba. In ka ja ful, wani ɗan maganaɗisu ya kwantar da farantin, hasken ya fita duka. Na karanta cewa BMW ce ta fara sa wa mota zenon a 1991, na ce abin da Bajamushe ya yi tun ina firamare ba zai gagari ɗan Kano mai waya a hannu ba.

Matsalar ɗaya ce, kuɗi. Akwai wasu 'yan kuɗi da ni da uwargida muke tarawa a gwangwani don sauya kwanon rufin kicin kafin damina. Na ɗaga kai na dubi sama, watan Maris ne, ko ɗigon gajimare babu. Na ce wa kaina rance ne.

A Ƙofar Ruwa ba kai kake samun shago ba, shago ne yake samunka. Kafin in kulle mota 'yan kamasho sun kewaye ni, wanda ya fi su ƙarfin murya ya ja ni lungu-lungu har wani shago da fitilu ke rataye tun daga silin har ƙasa. Mai shagon ya sauko da kwali ya hure ƙurar.

"Alhaji, wannan 'yar Jamus ce. Orijina."

Na juya kwalin. Rubutun Sinanci ne daga sama har ƙasa.

"Jamus ɗin ce ta ba su kwangila," in ji shi, ko gezau.

Sai ya ce, "Dubu shida kake so ko dubu takwas?" Har na fara murna, na ɗauka ciniki aka buɗe da araha haka. Ashe lambar ƙwai yake nufi, 6000K ko 8000K, wai babbar lamba ta fi ƙarfi. Lambar nan ta launi ce kawai. A wajen 4300K ƙwan zenon ya fi ba da haske, kuma yadda lambar ke hawa haka hasken ke komawa shuɗi yana raguwa. Na san wannan sarai, na gani a bidiyo. Amma mutumin ya haɗa na 8000K da batir a cikin shagon, wani shuɗin haske ya cika wurin, yaran shago suka haɗa baki suka ce "Kai!", har mai tallan rake ya tsaya. Wane mai mutunci ne zai buɗe baki ya nemi 4300 bayan haka?

A gefen kwalin na ga haruffa uku, RHD. Na tambaya.

"R ɗin nan dama ke nan, Alhaji. Mu wane hannu muke bi?"

"Dama."

"To, ka gani."

Kafin furojekta ta shiga ciki, sai an raba fitilar biyu, murfi daban, gindi daban. Kamfani ya manne su da wani baƙin gam mai danƙo wanda ba ya sakin jiki sai ya ji zafi. Turawan bidiyo a obin suke sakawa: zafi wajen digiri 110, minti goma, a ɗora a kan katako kada roba ta taɓa ƙarfe. Gidanmu kuwa akwai obin. Uwargida tana sana'ar kek da cincin da mitfai na biki da suna, kuma obin ɗin nan shi ne jarinta, ko 'ya'yan da ta haifa ba sa kusantarsa. Sai na jira wata Asabar da ta tafi wajen kamun ƙanwar ƙawarta, na kwance rabin gaban motar, na rungumo fitilun na shige kicin.

Abin da Turawan ba su faɗa ba shi ne nasu obin yana da lamba. Namu 'yan walda ne suka ƙera shi, na gas, wuta daga ƙasa, ma'auninsa tafin hannun uwargida: ta zura hannu ta ce ya yi ko bai yi ba. Na zura nawa hannun, bai gaya mini komai ba. Duk da haka ta farko ta fito lafiya. Na zura sukundireba a mahaɗar, gam ɗin ya biyo yana zare-zare, murfi ya rabu da gindi ba ko tsagewa. Na tsaya a tsakar gida da safar hannun uwargida mai furanni, ina mamakin yadda aka yi na ƙare a aikin ofis. Na saka ta biyu. Sai waya ta yi ƙara, yayana ne daga ƙauye. Duk wanda ya san yayana ya san gaisuwarsa kaɗai ta fi minti goma: sai ya tambayi kowa da sunansa, ya tambayi zafi, ya tambayi aiki, sannan ya shiga farashin taki. Ba a katse wa babban wa magana, haka aka tarbiyyantar da mu. Wari ne ya katse mana.

Kunnen fitilar na sama, wanda ake ɗaure ta da shi a jikin mota, ya narke ya lanƙwashe. Baƙin gam ya ɗiga a tire, ya bi ta gefe ya gangara ƙasa ya sami wuta. Na buɗe taga da ƙofa, na kankare tiren da wuƙa, na wanke da omo, na kunna turaren wuta har kasko biyu. Da uwargida ta dawo bayan magariba, ko mayafi ba ta cire ba, ta tsaya a ƙofar kicin ta ja numfashi.

"Malam, me aka dafa a nan?"

"Dafawa? Ba a dafa komai ba."

Kuma gaskiya na faɗa, ɗumamawa aka yi. Ta dube ni, ta dubi kaskon turare, ta wuce ɗaki. Washegari ta gasa kek na wani suna. Da la'asar uwar mai jego ta bugo waya, ina zaune ina ji, tana cewa kek ya yi kyau ƙwarai, Allah Ya saka, amma Hajiya wane sabon filebo ne wannan, baƙi suna ta cewa yana ɗan tashin sabuwar taya? Uwargida ta ajiye wayar a hankali. A ranar ce kuma, ban san me ya kai ta ba, ta buɗe gwangwanin kuɗin rufi. Ba zan kawo abin da aka faɗa ba, domin yara ma suna karanta mujalla. Daga ranar dai obin ya samu kwaɗo, makullin yana ɗaure a gefen zani.

Mai wayarin ɗina, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ofishinsa gindin wata darbejiya ne. Ya buɗe kwalin, ya zaro takardar bayani ya shimfiɗa ta ya zuba notuna a kai. Zenon ba shi da zare, wuta ce take tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu a cikin iskar gas, kuma kafin ta yi tsallen farko tana buƙatar abin da ya haura bolt 20,000. Batir 12 kawai yake bayarwa, shi ya sa kowane ƙwai yake zuwa da ɗan akwatinsa, balas, mai ɗaga wutar. Da ta kama kuwa wat 35 kacal take ci, inda halojin ke cin 55, ga haske kusan ninki uku. Duk na yi wa Injiniya wannan bayanin. Ya bari na gama, ya ce, "Oga, mu da muke gyaran tirela?"

A cikin kwalin akwai wata waya daban mai rile da fis, wadda aka yi don balas ya sha wuta kai tsaye daga batir, domin lokacin tashi yana zuƙa da ƙarfi, wayoyin fitilar mota kuwa sirara ne, ga tsufa. Injiniya ya ɗaga ta ya duba, ya ce wannan ta 'yan koyo ce, ya rataye ta a reshe. Ya fere waya da haƙori, ya haɗa, ya naɗe da salatif. Aka kunna, fis ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. Sai ya tsinko silin tagulla ya naɗa a ƙafafun mataccen fis ɗin ya mayar, ya ce wannan ba ya ƙonewa. Na ce to in shi bai ƙone ba, me zai ƙone? Ya ce, "Oga, ka cika tambaya." Nan na tsaya kai da fata sai da aka sauko da wayar daga reshe. Wannan ma a rubuta.

Yaronsa kuwa ya riƙe ƙwan a hannu, yatsu duk baƙin mai, alhali maiƙon yatsa yana sa gilashin ya yi zafi wuri guda ƙwai ya mutu da wuri. Kafin in yi magana Injiniya ya ce a kunna, wani ya kunna. Ban san yaron ya iya tsalle haka ba. Ya dira bayan wata Golf yana yarfe hannu yana salati. Injiniya ya gyaɗa kai ya ce, "To, wuta tana zuwa." Shi ya ɗaura ta hagu, yaron ya ɗaura ta dama, suka mayar da murafe suka lafta silikon, kunnen da ya narke aka ɗaure shi da waya. Rana ce tsaka, ba abin da za a gani, na biya na tafi.

Bayan isha'i na kawo motar gaban teburin mai shayi, inda majalisarmu take zama, na ajiye ta yadda kowa zai gani ba tare da an ce na kawo ta nuni ba. Zenon ba ya kamawa nan take. Sai ya yi ɗan walƙiya, ya fara dishi-dishi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya cika. Ya cika kuwa. Idon hagu ya shimfiɗa shuɗin haske a ƙasa. Idon dama ya bar ƙasa cikin duhu ya haye ƙololuwar mangwaron gidan liman, motar ta koma kamar hawainiya, ido ɗaya na neman abinci, ɗaya na gadin sama. Jemagun da ke bisa suna shan mangwaro suka tashi gaba ɗaya. Mai shayi ya kifa tire a kan kofunansa. Wani dattijo ya kare ido da hannu ya ce, "Malam, jirgi ka ke jira?"

Ashe yaron Injiniya ne ya leƙa cikin furojekta ya ga farantin a ƙasa yake, ya yi lissafi: hasken sama ake son tarewa, don haka sama ya kamata faranti ya zauna. Sai ya juya ta. Lissafinsa daidai ne in ban da cewa dunƙulallen gilashi kifa hoto yake yi, abin da ya shiga ta ƙasa ta sama yake fita. Ban ga laifinsa sosai ba. Wanda ya sha bolt 20,000 da rana dole ya ga duniya a juye. Aka sassauta noti ta baya aka mayar da ita daidai.

Yanzu layin ya fito a miƙe, da wani ɗan tudu da yake hawa ta gefen hagu, gwanin sha'awa. Na hau titi da dim ɗina ina jin babu mai ladabina a jihar nan. Mota ta farko ta ƙyafta mini. Ta biyu ta kunna ful ta bar ta a kunne. 'Yan adaidaita sahu suna zuro hannu suna aiko mini da daƙuwa, wani ma da hannu biyu, ya saki kan babur ɗin don ya cika saƙo. Wani direban tirela, da alama ya gaji da irina, ya kunna wasu fitilu da ya jera a saman kai waɗanda ban san da su ba. Sai da na gangara gefen hanya na zauna ina ganin kore-kore na yawo a idona. Na ce hassada ce.

A layinmu akwai wani tsoho da ya yi shekaru yana jan babbar mota, yana ɗauko goro daga Shagamu. Na kai masa ƙarar jama'a. Ya sa na haska bangon gidansa, ya dogara sanda ya daɗe yana kallon layin.

"Ɗana, wannan fitilar taka ba ta ji sanarwar Gowon ba."

"Wace sanarwa, Baba?"

Sai ya sa aka kawo masa kujera. Da can hagu ake bi a Najeriya, gadon Ingila. Ranar Lahadi, 2 ga Afrilun 1972, aka wayi gari kowa ya koma dama, domin Nijar da Chadi da Kamaru da Dahome, wato Benin ta yau, duk dama suke bi. Gana ta biyo sahu a 1974. Baba yana kan hanya a makon da Najeriya ta sauya, ya ce bai taɓa ganin direbobi da ladabi irin na lokacin ba, kowa na lallaɓawa don kowa na tsoron kowa. Sannan ya nuna tudun da bakin sandarsa. Tudun nan an yi shi ne ya hau ta gefen daji, ya haska maka allo da mai tafiya a ƙafa da jakin da ke shawarar tsallakawa, ya kwanta ta gefen masu tahowa. A ƙasar da ake bin dama, dama zai hau. Nawa hagu ya hau, daidai fuskar direban da ke tahowa. An ƙera ta ne don irin su Ingila da Japan da Indiya da Kenya, inda sitiyari ke dama mota na bin hagu. R ɗin da ke jikin kwali ta sitiyari ce.

"Kada ka damu," in ji Baba. "A Landan kai mutumin kirki ne."

Na koma wurin mai shago, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah Sarki, sannan ya nuna mini wani ɗan allo da ban lura da shi ba ranar ciniki, mai bayanin matsayin kayan wuta da aka riga aka ɗaura. Baba ne ya fitar da ni. Ya kai ni wurin wani mai ƙera murhu da akwatin ƙarfe. Sai da aka sake buɗe fitilun, kuma a nan na san silikon ba ruwansa da zafi, ba ya laushi, sai dai a bi shi da reza a hankali har yamma. Maƙerin ya kwance farantan, ya kifa su a kan fallen aluminiyam ya zana, ya yanko sababbi masu tudu ta ɗaya gefen, ya gyara bakinsu da magagari. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin datar da na ƙona ba. Muka rufe da baƙin gam na masu sa gilashin mota, wani mai gyaran waya ya lausasa mana shi da hitarsa.

Saura saiti, wanda shi ne ainihin aikin, kuma shi kaɗai ne ba a sayarwa a kasuwa. Ana neman shimfiɗaɗɗen wuri mai bango. A matso da mota daf da bangon, a yi alama daidai tsakiyar kowace fitila, a ja da baya a miƙe mita 10, iskar taya daidai, mutum zaune a kujerar direba. Layin haske ya sauka wajen santimita 10 ƙasa da alamar, wato kashi ɗaya cikin ɗari. A bayan fitilar akwai ɗan notin da ake murɗawa, ta ɗaga ko ta sauka. Notin nan yana jikin kowace mota a garin nan, kyauta ya zo, yawanci tun daga Kwatano ba wanda ya taɓa shi, kuma na yi imani rabin yaƙin da ake yi a hanya da sukundireba ɗaya za a raba shi. Amma sukundireba ba ta sa yaran shago su ce "Kai!"

Bangon da ya fi dacewa a layinmu na maƙwabcina ne, wani Alhaji ɗan Kantin Kwari. Sabon fenti, fari fat, gabansa daɓe. Da dare ya yi nisa na ɗauko jan allin yara, na zana manyan gicciye biyu, na ja layi a ƙasansu, na rubuta 10 a gefe don kada in manta. Na zaunar da babban ɗana a kujerar direba yana gyangyaɗi, na yi awo da tef, na murɗa notuna har layin ya zauna inda ake so, tudu ta dama. Na tsaya na kalle shi har na ƙoshi, na je na kwanta da niyyar in goge bangon da sassafe.

A garin da ya san rusau, jan gicciye a bango ba ya buƙatar tafinta. Kafin in dawo daga masallaci Alhaji yana tsaye gaban bangon da jallabiya, hannu ɗaya takardun fili, ɗaya waya, yana neman lauya. Matan gidan sun fara miƙo kwalla da katifu ta katangar maƙwabta. Wani ya ce 10 ɗin kwanaki ne aka ba shi. Wani ya ce a'a, mita goma za a ci, har falon baƙi. Mai gadi ya ba da shaida cewa da tsakar dare ya hango mota mai shuɗin haske da wani mutum yana awo da tef, amma bai matsa kusa ba don ya san aikin hukuma ne.

Na shiga cikin taron ina jinjina kai tare da kowa, ina cewa Allah Ya kyauta. Da na samu jiƙaƙƙen tsumma da minti biyu ba kowa, da magana ta mutu. Sai ga ɗana ya ratso jama'a, ya ɗaga hannu, ya ce da iyakar muryarsa, "Baba, ga allin, ka manta shi a mota."

Alhaji ya sauke wayar daga kunne ya dube ni.

"Malam, ashe kai ne gwamnatin?"

Mai unguwa ne ya sasanta mu a kan galan ɗaya na fenti da kuɗin mai shafawa. Daga ragowar gwangwani aka biya.

Ruwan farko da ya sauka ya shiga kicin ta inda aka san zai shiga. Uwargida ta jera bokitai ba ta ce uffan ba. Da safe na tarar fitilun duka biyu sun yi gumi ta ciki, ta dama har da ɗan kududdufi. Kowace fitila tana da 'yan ƙofofin numfashi a bayanta, masu lanƙwasasshen bututun roba, don iska mai zafi ta fita laima ta bushe. Injiniya ya gan su ya toshe da gam, wai kada ruwa ya shiga. Ruwan ya shiga ta wajen kunnen da ya narke, ya rasa ta inda zai fita. Aka buɗe ƙofofin, aka cire ƙwai aka shanya motar a rana, na bi kwalayen takalman gidan na tattaro 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima na cusa ta baya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in sun yi saura, ka cusa mana biyu a rufi." Balas ɗin dama kuma, da aka ɗaure can ƙasa kusa da taya, ya sha ruwa a wani tafkin kan titi ya ce ga garinku. Na sayi wani, aka ɗaure shi sama.

Da hunturu ya kama sai shuɗin hasken ya nuna halinsa. Hazo yana mayar wa mutum da haskensa a ido, na shuɗi kuwa ya fi gajiyar da ido, ga shi dama hasken bai kai yadda aka yi ta kururutawa ba. Na lallaɓa na sayo 4300K a wani shagon daban. Haskensa fari ne mai ɗan ratsin rawaya, hanya ta fito tar, har ramuka na fara gani kafin in faɗa. Majalisa ta duba ta ce, "Au, ka mayar da tsohuwar ke nan?" Ƙura kuma in ta kwanta a murfin sai ta watsa haske sama da layin, duk wahalar faranti ta tashi a banza. A Turai doka ce fitila mai irin wannan ƙarfi ta zo da abin wanke kanta da abin daidaita kanta in an yi wa mota lodi. Tawa, abin wankewar ni ne da tsumma kowace magariba. Na daidaitawar kuwa na ji rashinsa ranar da surukata ta cika mini but da buhunan masara da gero bayan kaka. Gindin mota ya zauna, hanci ya ɗaga, na sha daƙuwa tun daga ƙauye har Kano da fitila mai saiti. Tun daga nan sukundireba take kwana a aljihun ƙofa.

Yanzu ba mai ƙyafta mini. Ba kuma wanda ya taɓa sauke tasa ful ɗin don ya ga tawa a ƙasa. Injiniya ya ce maganin wannan wata doguwar fitila ce da ake ɗaurawa a saman mota, yana da guda a ajiye, 'yar Jamus.

Alhaji kuwa mun shirya. Na taɓa rage masa hanya da daddare, ya ga yadda layin yake kwance a titi, ya yi shiru har gida. Ran nan bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gida da buhu a hannu, fitilun Camry ɗinsa a ciki.

"Malam, an ce kai ne ka iya buɗe su. Ko za a ara mana obin ɗin Hajiya na minti goma?"

Kafin in buɗe baki muryarta ta tsallako daga kicin.

"Malam, ka gaida Alhaji, ka ce masa haya ake bayarwa. Kowace fitila bandir ɗaya na kwano."

Alhaji ya dubi buhun, ya dube ni, ya shafa gemu. Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne.

"Tambaye ta, da ƙusa ko ba ƙusa?"

"Da ƙusa," in ji ta, "da kafinta."